Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sababbin Daraktoci: Wa Zai Iya Shigowa Ya Ce Muku Kun Yi Kuskure?

Zuwa ga ƙannena maza da mata da aka yi wa ƙarin girma zuwa kujerar darakta da shugabancin sassa a ma'aikatun gwamnatocin jihohinmu na Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina taya ku murna. Allah ya sanya albarka, ya taya ku riƙo. Na san daɗin ranar da takarda ta fito: waya ba ta hutawa, 'yan uwa na ta tururuwa, masinjan da jiya yake ce maka Malam yau ya rusuna yana ranka ya daɗe. Ni ma na ɗanɗana. Na shiga aiki a farkon shekarun 1980 ina ƙaramin akawu a rajista, na fita ina shugaban sashe bayan na cika shekara 35 kamar yadda doka ta tanada. Yanzu ba ni da ofis, ba ni da hatimi, ba wanda zan yi wa kwiri, wato takardar tuhumar laifin aiki, kuma ba mai yi mini. Shi ya sa bakina ya buɗe.

Bari in fara da abin kunyata, don kada ku ce tsoho ya zo yabon kai.

Wata shekara, ban daɗe da hawa kujera ba, aka ɗora wa sashena raba siminti da kwanon rufi da katako ga makarantun ƙauye da iska ta yaye. Kuɗin bai fito ba sai da bazara ta yi nisa, kamar yadda kuka sani ana yi. Na zauna da taswira da biro na tsara jadawali: a fara da makarantun kusa, a bi su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga na nesa. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Na kira mitin, na karanta, na ce akwai mai magana? Kowa ya ce ya yi daidai, yallaɓai. Direban babbar motarmu, dattijon da ya kusa haifata, yana tsugune a bakin ƙofa. Bai ce uffan ba.

Muka yi makonni muna sauke wa na kusa. Ranar da aka doshi na nesa, ruwa ya riga ya zauna. Akwai wata fadama a hanyar, motar ta kafe a cikinta har gindi, ta kwana uku. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin tamfol, simintin ya daskare ya zama dutse. Makarantun ƙetaren fadama suka zauna ba rufi har shekara ta zagayo.

Na kira direban a fusace na ce, ashe ba ka san hanyar ba? Ya ce shekara ashirin yana binta, kuma kowa a gareji ya san in damina ta kankama ba ta biyuwa sai kaka. Da na nesa ake farawa, na kusa ko ana ruwa a kai musu. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar da na yi maganar taya ai ka ce ba don in yi tunani aka ɗauke ni aiki ba."

Wallahi na manta na taɓa faɗin haka. Shi bai manta ba. Waɗanda suke wurin a ranar su ma ba su manta ba, kuma su ne suka cika ɗakin mitin ɗin suna cewa ya yi daidai.

Da kwiri ya sauko daga sama, sai na yi abin da na ga magabata suna yi, na juya shi ƙasa, na rubuta wa direba nasa. Babban sakatarenmu na lokacin, ɗaya daga cikin tsofaffin da suka sami horo a makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya, ya sa aka kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye jadawalin a gabana, ya ɗora yatsa a ƙasan takardar ya ce, "Wannan sa hannun na wane ne?" Na janye kwirin direba a ranar, na amsa nawa da kaina. Takardar gargaɗin da aka ba ni tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya, kuma ban taɓa neman a cire ta ba.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan tun kujerar ba ta yi muku ɗumi ba. Hukuncin da za ku yanke ba zai fi labarin da ya iso teburinku kyau ba, labarin kuwa yana hannun na ƙasa da ku: direba, sitokifa, mai buga takardu, nas ɗin da take kwana a ɗakin marasa lafiya, malamin gonan da yake yawo a kan babur. Su kuma suna kallon fuskarku kafin su buɗe baki. Yadda kuka karɓi mummunan labari na farko shi zai nuna ko za a kawo muku na biyu.

Muna da karin maganar da muke ji da ita, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A sha'anin zaman duniya gaskiya ce. A ofis kuwa ta yi mana ɓarna mai yawa, domin wanda yake kwance ƙarƙashin mota yana ganin abin da mai zama a bene ba zai taɓa gani ba, ko da ya fi shi digiri uku. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro kada ya musa wa babba, kada ya haɗa ido da shi, in an tambaye shi ya ce yadda kuka gani. Tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida, ba na so a rasa ta. Amma ku sani kuna shugabantar mutanen da shiru ya zame musu ladabi, saboda haka in kuka ce akwai mai magana aka yi tsit, ba yarda aka yi ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne da wannan ciwo. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a ƙasa cikin hazo, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Mutum 583 suka mutu. Matuƙin KLM babba ne, shi yake horar da sauran matuƙan kamfanin. Ya fara gudun tashi ba tare da an ba shi cikakken izini ba, alhali ɗaya jirgin yana kan titin. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya ji wani abu a rediyo da bai kwanta masa ba, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya kauce. Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce, injiniyan bai sake magana ba. Bayan wannan da wasu haɗura irinsa, kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai ja da babba kai tsaye, a koya wa babban yadda zai saurara. Ku lura, sai da aka koyar da shi kamar yadda ake koyar da tuƙin kansa. Ba su zauna jiran Allah ya kawo kyaftin mai sauƙin kai ba.

Ni dai bayan abin da ya same ni, na canza tsarin mitin ɗina. Na daina faɗin ra'ayina da farko, domin da zarar oga ya nuna inda ya karkata, sauran magana duk amshi ce. Nakan fara da mafi ƙanƙanta a ɗakin, in kira sunansa, kuma ba na ce masa ya yi daidai ko bai yi ba. Nakan ce, wane, in wannan tsarin zai lalace, ta ina kake ganin zai lalace? Wannan tambayar tana ba shi mafaka, don ba musa mini ya yi ba, amsa ya ba ni. Wanda na ga yana motsa baki bai furta ba, in an tashi sai in same shi shi kaɗai a bakin famfo lokacin alwala. Mata ma'aikata kuwa, musamman in su biyu ne cikin maza goma sha, sau da yawa sai bayan mitin za ka ji abin da ke ransu, kuma sau da yawa shi ne maganar da ta fi ta kowa. Ba ni da wata dabara da ta wuce wannan, amma ta tsare ni daga fadama ta biyu fiye da sau ɗaya.

Sai kuma maganar ƙofa. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki, kuma akwai jumlar da ya yi ta maimaitawa a cikinta: tushen kowace masifa shi ne shugaba ya ɓuya daga talakawansa. Labulen yau ba na saƙi ba ne. Sakatare ne a ɗakin waje, da jar fitila a saman ƙofa, da sanyin na'ura, da 'yan gaban goshi biyu ko uku da suka gane abin da kake son ji. Waɗannan na ƙarshen su ne haɗari, don za su zo maka da labari kullum har ka ɗauka kana sane da komai, alhali tacewa suke yi. Cikin wata shida za ku san su. Su ne masu fara dariya tun ba ku ƙarasa ba'ar ba. Ba na ce ku kore su ba, wasunsu ma haziƙai ne. Ku dai tashi da ƙafarku ku sauka rajista, ku leƙa sito, ku tsaya a gareji. Tun ina akawu na lura darakta nawa ne suka san inda fayil yake kwana, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Yanzu bari in juya ɗaya ɓangaren, domin na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce madalla, daga yau komai sai an yi shawara, ya fake da ita. Wannan ciwon ya fi na farko yawa a ma'aikatunmu. Fayil ya zo, an rubuta KIV, wato a ajiye sai an waiwaye shi, an tura kabad. Ya dawo, an rubuta a zo mu tattauna. An tattauna, an kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna sau huɗu, ya karɓi alawus, ya kawo rahoto, an kafa wani ya duba rahoton. A ƙarshe shekarar kasafin kuɗi ta ƙare, kuɗin ya koma, kuma babu sa hannun kowa a kan asarar. Mai wannan hali yakan yi ritaya fayil ɗinsa fes, ana yabonsa da natsuwa.

Ba daga sama tsoron nan ya faɗo ba, yana da tarihi. Da na shiga aiki na tarar da waɗanda suka ga 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa ta sanarwar rediyo, nan take. Akwai ɓarayi da malalata a cikinsu, ba musu. Akwai kuma waɗanda ƙiyayya da sharrin abokan aiki suka ci. Darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, kada sunanka ya fito a kan komai. Suka koya mana, mu ma muka koya muku. Shekara guda kafin nan, a 1974, kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa, inda ya nemi a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya cim ma, a sa wa kowane sashe manufar da za a tambaye shi a kanta. Aka karɓi ƙarin albashi da ariyas, aka sayi babura da rediyo, shawarar kuwa ta kwanta a kabad. Gyaran 1988 na zamanin Babangida ya mai da manyan sakatarori daraktoci janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, kuma ko da aka warware shi a tsakiyar shekarun 1990, ma'aikaci ya riga ya koyi kallon fuskar ɗan siyasa kafin ya ɗaga biro. Na faɗi wannan ne don ku san inda kuka gaji halin, ba don in ba ku uzuri ba.

Mu da muka tashi da karatun sira bai kamata shawara ta rikita mu ba. Kafin yaƙin Uhudu, a shekara ta uku bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi shawarar sahabbai. Shi ya fi karkata ga a tsaya cikin Madina, masu rinjaye, musamman matasa, suka nemi a fita. Ya bi su, ya shiga gida ya sa sulke. Da suka ga kamar sun matsa masa suka so a janye, ya nuna musu cewa tunda ya sa sulke ba zai tuɓe ba sai an gwabza. Kun san abin da ya faru a Uhudu. Duk da haka ayar da ta sauka bayan wannan rashi, ta 159 a cikin suratu Ali Imrana, umarni ta yi da a ci gaba da shawara da su, sannan a cikin ayar guda ta ce in ka ƙudura niyya ka dogara ga Allah. Shawara tana da lokacin buɗewa, tana da lokacin rufewa, kuma mai rufe ta shi ne shugaba. Bai dawo daga Uhudu ya ce laifin waɗanda suka ba da shawarar fita ba ne.

A aikace, ku rarrabe fayilolin da ke gabanku. Akwai hukuncin da in ya ɓaci gobe za a gyara: jadawalin hutu, wa zai je bita, wane ɗaki za a ba sabon ma'aikaci. Irin wannan kada ya kwana a teburinku, mafi yawansa ma bai kamata ya iso ku ba. Akwai kuma wanda in an yi ba ya dawowa: korar mutum, biyan ɗan kwangila, rushe gini, siminti a fadama. Wannan shi ya cancanci ku kwana a kansa, ku kira wanda kuka san ba ya tsoronku ya fasa muku shi. Abin da na gani shekara da shekaru shi ne akasin haka. Darakta zai yi sati uku yana juya maganar wa za a ba makullin mota, amma bauca, takardar biyan kuɗi, ta miliyoyi ya sa mata hannu a tsaye don kwamishina yana jira a waya.

Tunda na ambaci kwamishina, za a ba ku umarnin baki. Za a ce a dai yi, takarda za ta biyo baya. Ba sai kun yi faɗa ba, ba sai kun yi wa'azi ba. Ku rubuta minti, wato ɗan bayani a cikin fayil, da ladabi: yallaɓai, bisa umarninka na yau, ga abin da na fahimta, ga abin da dokar kuɗi ta ce, ina neman amincewarka. Umarnin da yake na gaskiya za a sa masa hannu. Wanda ba na gaskiya ba sau da yawa a nan yake mutuwa, ba wanda zai sake tada shi. Za a iya yi muku taransifa zuwa wani lungu, an yi mini sau ɗaya. Amma ranar da odita ko hukumar bincike ta zo, kwamishina ya daɗe da komawa siyasarsa, biron da ke kan takarda ake nema. Abin da ba na yafe wa shugaba shi ne ya ture wannan umarnin baki zuwa ga ƙaramin akawu ya ce kai sa hannu.

Akwai wani gwajin da ba ya ƙarya. Ku tafi hutu, ko aikin hajji, ku ga abin da zai faru da sashenku. Na san daraktan da yake tafiya Saudiyya da makullin kabad a aljihu, aiki ya tsaya cak har ya dawo, shi kuma yana alfahari wai in ba shi ba komai ba ya tafiya. Mataimakinsa ya yi shekaru a gefensa bai taɓa yanke hukuncin da ya wuce sayen takarda ba, ranar da ya gaji kujerar sai ya zama kamar an jefa kaza a ruwa. In kun ba mutum aiki ku ba shi da ikonsa, ku faɗa masa iyakarsa da ranar da kuke so, sannan ku cire hannu. Zai yi ba yadda za ku yi ba. In ya yi kyau, ku kai shi gaban babban sakatare ku ce wane ne ya yi. In ya ɓaci, ku tsaya a gaba ku karɓa, sannan ku rufe ƙofa ku yi masa faɗa ku biyu. Babba juji ne, haka aka ce, kuma da wannan sharaɗin aka ba ku mota da direba.

Takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara ma haka. Mun mai da ita sadaka, kowa ya yi fice, har wanda ba a ganinsa sai ranar albashi. Muna cewa kada mu toshe wa wani hanyar abinci. Wanda muke zalunta shi ne yaron da yake zuwa ƙarfe takwas yana ɗauke da aikin mutum uku, ya ga makinsa ɗaya da na fatalwa. Shekara biyu zai yi ya gane, ya koma kamar kowa, mu kuma mu zauna muna cewa yaran yanzu ba sa son aiki. Za a tura ku kwas a Badagry, a kwalejin horar da manyan ma'aikata da aka kafa tun 1973, za a koya muku sababbin hanyoyin awo da sunaye masu daɗi. Ku je, ku saurara, akwai amfani. Amma ba fom ɗin da zai iya kallon mutum ido da ido tun watan Maris ya ce masa aikinka ya yi baya, me ke damunka. Ku ne za ku yi wannan, kuma wani lokaci amsar za ta zama matarsa ce a asibiti wata uku ba wanda ya tambaya.

Direban nan ya rasu shekarun baya. Mun yi aiki tare shekara shida bayan fadama, kuma ya kai har yakan leƙo ofis ba sallamar sakatare ya ce, yallaɓai, wannan ba za ta yiwu ba. Ba kullum yake da gaskiya ba, wani lokaci na saurara na yi abin da na ga ya dace, bai taɓa fushi ba tunda an ji shi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ni kuwa yanzu in kuna nemana, ina kan bencin da ke wajen ƙofarku, cikin tsofaffin da ke riƙe da ambulan ruwan ƙasa suna bin ragowar haƙƙinsu. Masinja ya ce mini fayil ɗina ya hau sama tun kafin azumi, yana teburin ɗayanku. Ban roƙi a tsallake layi domina ba, akwai waɗanda suka riga ni, har da matan da mazajensu suka mutu suna jira. Ku buɗe, in ya cika ku sa hannu, in bai cika ba ku rubuta abin da ya rage a aiko mini da shi in kawo.

Wassalam.

Naku,
Yayanku, tsohon ma'aikaci mai ritaya.